Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yan Majalisar Dokokin Amurka Masu Riƙe Da Lalitar NASA

Ya ku masu girma, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman afuwarku da na tsoma baki cikin maganar da ba a gayyace ni ba. Ni ba ɗan ƙasarku ba ne, ban taɓa jefa wa ɗayanku ƙuri'a ba, kuma ko kwabona bai shiga baitulmalinku ba. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar ɗaukar alƙalami shi ne dokar da magabatanku suka kafa hukumar NASA da ita a 1958, wadda ta ce ayyukan sararin samaniya za su kasance na lumana, don amfanin bil'adama baki ɗaya. Na daɗe da yarda da wannan alkawari, na kuma ga an cika shi sau da yawa. Hotuna da bayanan da kumbunanku ke aikowa ana zuba su a intanet kyauta, kowa ya ɗiba, ba a tambayarsa takardar zama ɗan ƙasa. Tun da an ce abin namu ne duka, ku ba ni dama in faɗi abin da ke raina a kansa.

A daidai lokacin da kuke karanta wannan takarda, akwai bututu 10 na ƙarfen titaniyam kwance a ƙasa a duniyar Mars, a wani shimfiɗaɗɗen fili da aka sa wa suna Three Forks, cikin kwarin Jezero. Motar bincike mai suna Perseverance ce ta sauke su ɗaya bayan ɗaya tsakanin Disamban 2022 da Janairun 2023. Ba jibge su ta yi wuri guda ba. Ta bar tazarar mita 5 zuwa 15 tsakanin kowane biyu, a jere mai karkacewa hagu da dama, domin duk abin da zai zo ɗaukarsu ya samu wurin juyawa. Ta ɗauki hoton kowanne, aka rubuta inda yake daidai, don ko ƙura ta lulluɓe shi a san wurin da za a duba. Tsawon bututun bai wuce na tafin hannu da yatsunsa ba, an shafe shi da farin abu don kada zafin rana ya shiga ya ɓata abin da ke ciki. A cikin mafi yawansu akwai guntun dutse kamar allin makaranta, wanda aka huda aka ciro aka toshe bakinsa ruf. Waɗannan na ajiya ne kawai, na ko-ta-kwana. Sauran, fiye da 20, suna cikin cikin motar tana yawo da su.

Na sha buɗe hotunan nan ina kallo. Babu komai a wurin sai jar ƙasa da tsakuwa da sawun taya, sai kuma wannan ɗan farin abu da aka ajiye da niyyar za a dawo. Kumbon da zai je ya ɗauko su har yau ba a ƙera shi ba, kuma a watan Mayun 2025 fadar shugaban ƙasarku ta kawo muku kasafin da ya nemi a soke shirin ɗauko su ɗungurungum. Wannan ne ya sa na rubuto.

Ku tuna dalilin da ya sa aka zaɓi Jezero. Ƙaton rami ne mai faɗin kusan kilomita 45, wanda ruwa ya taɓa cikawa ya zama tafki fiye da shekara biliyan 3.5 da suka wuce. Kogi ya riƙa kwarara cikinsa yana jibge laka da yashi a bakinsa, kuma irin wannan laka ce take riƙe alamar rai a nan duniyarmu, in har ran ya taɓa zama a wurin. Perseverance ta sauka can ranar 18 ga Fabrairun 2021. A watan Yulin 2024, cikin wani tsohon kwazazzabon kogi mai suna Neretva Vallis, ta ci karo da wani jan dutse na busasshiyar laka da aka kira Cheyava Falls. Jikinsa ɗigo-ɗigo ne kamar fatar damisa, kowane ɗigo bai fi milimita ɗaya ko makamancin haka ba, tsakiyarsa mai haske, gefensa baƙi. Na'urorin motar sun gano sinadaran kabon irin waɗanda ake gina rai da su, sun kuma gano alamun ma'adanai biyu na ƙarfe, ɗaya haɗe da fosfet, ɗaya haɗe da farar wuta. A nan duniya, irin wannan haɗi yakan samu ne idan ƙananan halittun da ido ba ya gani suka ci abin da ke cikin laka suka bar saura. Yana iya samuwa ba tare da rai ba, musamman inda aka yi zafi mai tsanani ko ruwa mai tsami ƙwarai, sai dai dutsen bai nuna ya taɓa shiga irin wannan hali ba. Da masanan suka wallafa sakamakon a mujallar Nature a watan Satumban 2025, sun yi taka-tsantsan matuƙa. Cewa suka yi alama ce mai yiwuwa, ba su ce sun ga rai ba. Na girmama su a kan haka. An ciri guntu daga wannan dutse, an sa masa suna Sapphire Canyon, yana cikin bututu a toshe.

Wani cikinku zai iya tambaya, me ya hana motar ta warware maganar a can? Dalilin shi ne duk na'urar da za a ɗora wa roka dole ta ƙanƙance, ta jure girgiza da sanyi, ta kuma yi aiki da 'yar wutar da ba ta taka kara ta karya ba. Wutar da ke tafiyar da Perseverance gaba ɗayanta wat 110 ce ko kusa da haka. Na'urorin da za su iya yanka dutse siriri kamar gashi, su auna shekarunsa, su ƙirga nau'o'in kabon da ke cikinsa har a gane ko rai ne ya tace su, wasunsu sun cika ɗaki, wasu ginin da ke ɗauke da su ya kai filin wasa. Ba za su je Mars ba. Dutsen ne zai zo musu.

Kuma mun riga mun ga abin da rashin haka ke jawowa. A 1976 kumbuna biyu na Viking suka gwada ƙasar Mars a can inda take, gwaji ɗaya ya ba da amsar da ta yi kama da motsin rai, sauran suka ƙi goyon bayansa, kuma kusan shekara 50 ke nan ba a daina jayayya ba, domin babu wanda zai iya komawa ya sake gwajin ta wata hanya. A 1996 aka tada duniya da labarin cewa an ga abin da ya yi kama da alamar tsohon rai a wani dutsen Mars da aka tsinta a ƙanƙarar Antatika, mai lamba ALH84001, har Shugaba Bill Clinton ya fito ya yi jawabi a kansa. Amma dutsen ya yi shekaru dubbai kwance a duniyarmu kafin a ɗauke shi, kuma ba a san daga wane yanki na Mars ya ɓallo ba. Bututun Jezero su ne na farko da aka san asalinsu: ga dutsen da aka huda, ga abin da ke samansa da ƙasansa, ga ranar da aka toshe.

Idan kuna son ganin abin da samfurin da aka kawo gida yake haifarwa, ba sai kun yi nisa ba, ku dubi abin da kuɗinku ya riga ya saya a Bennu. Wannan dutsen sararin samaniya ne mai faɗin kusan mita 500. Kumbon OSIRIS-REx ya tashi a 2016, ya isa wurinsa a Disamban 2018, ya yi kusan shekara biyu yana kewaya shi yana neman inda zai taɓa, domin an zaci za a tarar da yashi mai laushi, sai aka tarar da tulin manyan duwatsu ta ko'ina. Ranar 20 ga Oktoban 2020 ya miƙa hannunsa ya taɓa ƙasa na 'yan daƙiƙu, ya fesa iskar naitirojin don ta taso da tsakuwa. Abin da ya faru ya ba kowa mamaki: hannun ya nutse kusan rabin mita kamar ba a kan komai ya sauka ba, kuma da bai kunna injin ja da baya ba da ya ci gaba da nutsewa. A nan aka gane cewa Bennu tarin tsakuwa ne da ƙyar yake riƙe da juna. Babu na'urar hangen nesa da za ta faɗa mana haka daga nan. Zuwa da kai ya fi aike.

Kwanson da ke ɗauke da samfurin ya faɗo hamadar Utah ranar 24 ga Satumban 2023. Daga nan sai wani abu ya faru da nake so ku riƙe a zuciya, domin yana nuna irin mutanen da kuke biya albashi. A cibiyar Johnson da ke Houston, an sa kan na'urar ɗibar cikin wani akwatin gilashi da aka cika da naitirojin, ma'aikata suna zura hannu ta safar roba da ke manne a jikinsa, don kada numfashin kowa ko danshin iska ya taɓa shi. Ƙusoshi 35 ne suka ɗaure murfin. Guda 33 suka kwance, biyu suka ƙi. Duk wani makaniki zai iya fasa su cikin minti kaɗan da abin da ke hannunsa, amma duk ƙarfen da ba a tantance ba zai iya barin ɓurɓushi cikin samfurin. Sai suka dakata. Suka zana sabbin kayan aiki na bakin ƙarfe irin na tiyata, suka ƙera su, suka gwada su a wani wuri dabam, sai a watan Janairun 2024 suka buɗe. Wata uku a kan ƙusa biyu. Da aka auna duka, giram 121.6 aka samu, ninki biyu na giram 60 da aka yi alkawari.

Shekara guda bayan haka, a Janairun 2025, sakamakon ya fito. An samu 14 daga cikin sinadaran amino asid 20 da jikin kowane mai rai yake gina furotin da su. An samu dukkan tubala biyar da ake rubuta gadon halitta da su a cikin DNA da RNA. An samu gishiri iri-iri, har da irin wanda ake gani a gaɓar tafkin da ya ƙafe, abin da ke nuna cewa uwar dutsen da Bennu ya ɓalle daga jikinta ta taɓa riƙe ruwan gishiri a cikinta tun farkon samuwar duniyoyin da ke kewaya rana, shekara biliyan 4.5 da suka wuce. Wannan gishirin shi ne hujjata mafi ƙarfi. Duwatsu suna faɗowa daga sama kullum, gidajen tarihi cike suke da su, amma da zarar danshin duniyarmu ya taɓa su irin wannan gishiri sai ya narke ko ya sauya. Sai da aka je aka ɗebo aka toshe sannan aka gan shi yadda yake. Akwai kuma wani abu da ya bar masana da sabuwar tambaya. Amino asid suna zuwa da siffa biyu, ta hannun dama da ta hagu, rai a duniyarmu kuma na hagu kusan kaɗai yake amfani da su. An yi zaton za a ga hagun ya rinjaya a Bennu, sai aka tarar kusan kunnen doki suke. To me ya sa rai ya zaɓi hagu? Tambayar ta dawo sabuwa, kuma an ajiye fiye da kashi 70 cikin 100 na samfurin ba a taɓa ba, don waɗanda za su zo da na'urorin da ba a ƙirƙira ba tukuna.

Japan ta riga ku da 'yan shekaru a wannan fage. Kumbonta Hayabusa2 ya sauke giram 5.4 kacal na dutsen Ryugu a Ostireliya a Disamban 2020, abin da bai wuce cikin ƙaramin cokali ba, kuma daga ciki aka fitar da amino asid da sinadarin yurasil, ɗaya daga cikin tubalan nan biyar na gadon halitta. Ku ma kuna da tsohon darasi a gida. 'Yan sama-jannatin Apollo sun kawo kilo 382 na duwatsun wata tsakanin 1969 da 1972, aka yi shekaru ana koyar da cewa wata busasshe ne ƙarau, sai a 2008 aka sake auna wasu ƙananan ƙwayoyin gilashi daga cikinsu da sabuwar na'ura, aka ga ruwa. A 2022 aka buɗe wani bututun Apollo 17 da aka bari a toshe shekara 50 da gangan. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi aikin buɗe shi ba a haife su ba lokacin da aka toshe shi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma a wannan fanni maganar ta kusa zama zahiri.

Ba zan ɓoye muku ba, ranku ya daɗe, na san kuna da hujja a kan kuɗin. Kwamitin bincike mai zaman kansa da ya duba shirin a watan Satumban 2023 ya ce zai ci dala biliyan 8 zuwa 11, kuma jadawalin da aka tsara ba mai yiwuwa ba ne. A Afrilun 2024 shugaban NASA na lokacin, Bill Nelson, da bakinsa ya ce biliyan 11 ta yi yawa, shekarar 2040 kuma ta yi nisa. Gaskiya ya faɗa. Shirin ya kumbura, ya zama mai sassa da yawa, kuma da an bar shi a haka da ya cinye rabon sauran ayyuka. Haƙƙinku ne ku ce a sake lissafi, ku tilasta a rage, ku buɗe ƙofa ga kamfanoni su kawo hanya mafi sauƙi. NASA kanta ta fito da hanyoyi biyu masu rahusa a Janairun 2025. Abin da nake roƙo shi ne kada gyaran tsari ya rikiɗe ya zama watsi da abin da aka tsara dominsa. An riga an kashe fiye da dala biliyan 2 a kan Perseverance, kuma tun daga zanenta an gina ta ne a matsayin zangon farko na tafiya mai zango uku. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta ɗauki nauyin kumbon da zai karɓo samfurin daga falakin Mars ya dawo da shi, bisa amincewar da ta yi da ku. Majalisar masana kimiyya ta ƙasarku, wadda ke zama duk shekara goma ta jera abin da ya fi muhimmanci, ta sa wannan aiki a gaba a 2011, ta sake sa shi a gaba a 2022.

Jinkiri kuma a nan yana da tsada ta musamman. Ƙofar tafiya Mars ba ta buɗewa sai duk bayan wata 26, idan duniyoyin biyu suka daidaita. Wanda ya kuskure ta da mako ɗaya ya yi asarar fiye da shekara biyu. Tsarin da aka fi dogara a kai shi ne Perseverance da kanta ta kai bututun da ke cikinta wurin kumbon da zai sauka, ita kuwa tana tsufa, tayoyinta suna cin dutse, wutarta tana raguwa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Idan ta tsaya a wani lungu mai wuyar shiga, Sapphire Canyon ya tsaya tare da ita, domin ba ya cikin goman da aka ajiye a Three Forks. Haka ma mutanen. A Fabrairun 2024 cibiyar JPL da ke Kalifoniya, wadda ta ƙera duk motocin da kuka saukar a Mars, ta sallami ma'aikata kusan 530 saboda rashin tabbas a kan kasafin wannan shiri. Iya saukar da mota mai nauyin tan guda a wata duniya lafiya ƙalau ba a littafi kawai yake ba, yana kan mutanen da suka yi shi sau biyu, a 2012 da 2021. In suka watse, tara su ba zai zo da sauƙi ba. Ƙasar Sin, wadda ta kawo giram 1,935 na ƙasa daga ɓangaren wata da ba ya fuskantar duniyarmu a Yunin 2024, ta ce za ta harba nata kumbon ɗebo ƙasar Mars wajen 2028. Ina yi musu fatan nasara da zuciya ɗaya. Sai dai abin da za su ɗebo na kusa da inda suka sauka ne, ba zai maye gurbin duwatsun da aka yi shekaru ana zaɓa ɗaya-ɗaya a bakin tsohon tafki ba.

Wancan kasafin na Mayun 2025 bai tsaya kan Mars ba. Ya nemi a zabge kusan rabin kuɗin sashen kimiyya na NASA, daga dala biliyan 7.3 zuwa 3.9, a kuma kashe kumbunan da ke aiki lafiyarsu lau. Na ji daɗi da kwamitocinku suka ƙi karɓar wannan yanka yadda aka kawo shi, kuma ina gode muku. Amma kasafi abu ne na kowace shekara, maganar za ta sake dawowa teburinku, shi ya sa nake so ku san abin da ke cikin jerin. Akwai Juno, wanda ya isa Jupiter a 2016, ya nuna cewa cibiyar wannan ƙatuwar duniya ba dunƙulalliya ba ce, a narke take ta bazu, ya kuma ratsa kilomita 1,500 kacal daga Io, wani wata mai aman wuta da ke kewaya Jupiter, a Disamban 2023 da Fabrairun 2024. Akwai New Horizons, wanda ya nuna mana fuskar Pluto a 2015 da Arrokoth, wani ƙaramin dunƙule da ke can gaba da Pluto, a ranar farko ta 2019, yanzu kuma ya wuce ninki 60 na nisan da ke tsakaninmu da rana. Kafin wani ya sake kai na'ura wurin, sai an yi kusan shekara 20 ana tafiya bayan an gama ƙerawa. Mafi tsadar aikin, wato ƙira da harbawa da doguwar tafiya, an riga an biya. Abin da ya rage shi ne albashin 'yan mutanen da ke saurarensa.

Su ma masu zama su tono tsofaffin bayanai, waɗanda kuɗin bincikensu ne ake fara taɓawa idan aka tashi tsuke bakin aljihu, ku dubi abin da suka fitar kwanan nan. Kumbon Magellan ya ɗauki hotunan Venus, wato Zara matar wata, da na'urar rada a farkon shekarun 1990. Sai a 2023 wasu masana biyu suka kwatanta hotuna biyu na Fabrairu da Oktoban 1991, suka ga bakin wani dutse mai aman wuta a Maat Mons ya sauya siffa ya ƙara girma cikin wata takwas. Shekara 30 shaidar tana kwance a ma'ajiya. Kumbon Cassini ya ƙone a samaniyar Saturn a Satumban 2017, amma a 2023 aka gano fosfet cikin ƙwayoyin ƙanƙarar da ya taɓa auna, waɗanda suka fito daga tekun da ke ƙarƙashin ɓawon Enceladus, wani wata da ke kewaya Saturn. Voyager 2 ya wuce ta gefen Uranus sau ɗaya tak a 1986, babu wanda ya sake zuwa, kuma a 2024 aka gane cewa ya iso ne daidai lokacin da wata guguwa daga rana ta matse garkuwar maganaɗisun duniyar, yanayin da ba kasafai take shiga ba. Kusan shekara 40 ana koyar da hoton rana ɗaya da ba ta saba ba a matsayin halinta na kullum.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi wuyan kowa. Daren 26 ga Satumban 2022 na zauna ina kallon hotunan da kumbon DART, wanda aka harba don ya daki wani dutsen sama a gwada sauya masa hanya, ke aikowa kai tsaye, ɗaya a kowace daƙiƙa, daga nisan kilomita miliyan 11. Da farko ɗigon haske ne kawai. Sai ɗigon ya rabu biyu, babban dutsen Didymos ya zame gefe ya fice, ƙaramin, Dimorphos, ya yi ta girma har ya zama kamar ƙwai da aka yaɓa wa tsakuwa. Duwatsun jikinsa suka fito ɓaro-ɓaro, kowanne da inuwarsa, suka cika allon. Hoton ƙarshe ɗan sashen samansa kawai ya iso, domin kumbon ya daki dutsen da gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa kafin ya gama aikowa. Jikina ya yi sanyi a wannan dare. Kafin dukan, Dimorphos yana kewaya Didymos cikin awa 11 da minti 55. An ce in aka rage daƙiƙa 73 an yi nasara, sai aka rage fiye da minti 30, domin tarkacen da ya fantsama ya tura dutsen fiye da yadda kumbon kansa ya tura shi. Karo na farko ke nan da ɗan'adam ya sauya tafiyar wani abu a sama da gangan, kuma kuɗin bai wuce dala miliyan 300 da 'yan kai ba. Kumbon Hera na Turai ya tashi a Oktoban 2024 don ya je ya duba tabon.

Amma ba a kauce wa abin da ba a gani ba. Dutsen da ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha ranar 15 ga Fabrairun 2013 bai wuce mita 20 ba, ya fito ta ɓangaren rana inda na'urorin ƙasa ba sa iya dubawa, ya jikkata mutum kusan 1,500, yawancinsu da fasasshen gilashin taga. A Fabrairun 2025 yiwuwar dutsen 2024 YR4 ya daki duniya a 2032 ta haura kashi 3 cikin 100 kafin ƙarin awo ya kawar da fargabar. Ku da kanku kuka yi doka a 2005 cewa a gano kashi 90 cikin 100 na duwatsun da ke kusantarmu masu faɗin mita 140 zuwa sama kafin 2020. Wa'adin ya wuce ba a kai ko kusa ba, kumbon NEO Surveyor da aka tsara don wannan aiki, mai ganin zafin dutse ko da baƙi ne, an taɓa ɗage tashinsa saboda kuɗi. Ina roƙonku kada a sake. Ga kuma Apophis, mai faɗin kusan mita 340, wanda zai gifta kilomita 32,000 daga doron ƙasa ranar 13 ga Afrilun 2029, ƙasa da inda wasu taurarin ɗan'adam na sadarwa suke, har mutane a Turai da Afirka da yammacin Asiya su gan shi da ido. Ba zai dake mu ba, an tabbatar. Kumbon da ya kawo samfurin Bennu yana kan hanyarsa ta zuwa can da sabon suna, OSIRIS-APEX, don ya ga yadda jan duniyarmu zai girgiza dutsen, shi ma kuwa sunansa yana cikin waɗanda aka nemi a kashe. Wannan rana ba ta jiran zaman kwamiti, ba kuma za a ɗage ta zuwa kasafin baɗi ba.

Ranku ya daɗe, duk kuɗin NASA bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na abin da gwamnatinku ke kashewa a shekara ba, kuma na san kowace dala akwai masu jiranta da buƙatu na gaskiya. Ban zo in raina wannan ba. Abin da nake nema a wurinku shi ne ku bar kumbunan da ke numfashi su ci gaba da aiki muddin masana sun duba sun ce suna da sauran amfani, ku kuma ware wa ɗauko bututun Jezero layinsa a kasafi, da sunansa, ko da tsarin zai sauya, ko da da wasu ƙasashe za a yi shi, ko da kamfani ne zai ɗauko. Ku umarci NASA ta kawo muku hanya ɗaya da farashinta da shekarar tashinta, ku riƙe ta a kai, tun Perseverance tana iya tafiya da ƙafafunta ta kai kayan da ke cikinta inda za a karɓa.

Na gode da kuka saurare ni. Ku huta lafiya.

Naku,
wani mai bibiyar ayyukan kumbunanku daga nesa.